Sharhi: Wa ke da alhakin makarantar gwamnati? Tanadin doka da darasin Jihar Nasarawa

Idan guguwar farkon damina ta yaye rufin ajin wata makarantar firamare a Lafia ko Doma ko Wamba, hedimasta ya san inda zai fara kai kukansa, wato ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarsa. Abin da ba shi da tabbas a kai shi ne inda kukan zai tsaya, da kuma ranar da amsa za ta dawo.

Sakataren zai miƙa takardar ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Nasarawa, wadda aka fi sani da NSUBEB. Ita kuma hukumar, yawancin kuɗin gine-ginenta na fitowa ne daga gidauniyar da gwamnatin jiha da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, wato UBEC, ke zuba wa kuɗi tare. Albashin malamin da ke koyarwa a ajin, bisa tsarin da aka daɗe ana bi, daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi. Manhajar da yake koyarwa daga hukumar NERDC ta Tarayya ta fito, lasisinsa na aiki kuwa daga majalisar rajistar malamai ta TRCN.

Aji ɗaya ke nan, amma hannun hukumomi biyar ko shida na cikinsa. Wannan yanayi bai tsaya ga Nasarawa ba, haka yake a jihohi 36 na ƙasar nan. Sai dai hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shekarar 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi ya sake tayar da tsohuwar tambaya: idan makarantar gwamnati ta gaza, wa doka ta ce a tuhuma?

Abin da Kundin Tsarin Mulki ya ce

Tushen maganar yana cikin sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya umarci gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowa zai sami damar ilimi daidai da ta kowa a dukkan matakai, ta kuma yi ƙoƙarin kawar da jahilci. Sashen ya ambaci ilimin firamare kyauta kuma dole ga kowane yaro, amma ya rataya wannan alkawari a kan sharaɗin cewa za a yi hakan ne lokacin da hali ya yi.

Bayan wannan sharaɗi akwai wani shinge. Sashe na 18 yana cikin babi na biyu na kundin, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙara kan ko gwamnati ta cika abin da ke cikin wannan babi ko ba ta cika ba. Shi ya sa shekaru da dama lauyoyin gwamnati ke kafa hujja da cewa ilimi kyauta buri ne na ƙasa, wanda ɗan ƙasa ba zai iya tilasta wa hukuma cika shi ta hanyar shari'a ba.

Game da rabon iko, kundin ya raba aikin gida uku. Gwamnatin Tarayya ce kaɗai ke da ikon tsayar da mafi ƙarancin ma'aunin inganci a kowane mataki na ilimi. Kafa makarantu da tafiyar da su yana cikin jerin al'amuran da Tarayya da jihohi ke tarayya a kai, inda aka bai wa majalisun dokokin jihohi ikon yin doka kan ilimin firamare da na gaba da firamare. Jadawali na huɗu kuma ya ce ƙananan hukumomi za su shiga a dama da su wajen samar da ilimin firamare da na manya da na sana'a, da kuma kula da su.

Ana iya ganin wannan rabo da ido a Nasarawa. Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Keffi, da ta 'yan mata da ke Keana, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Doma, duka na ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Makarantun sakandare na jiha suna hannun Ma'aikatar Ilimi ta jiha da Hukumar Kula da Aikin Malamai. Makarantun firamare kuwa suna tsakanin NSUBEB da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi 13 na jihar.

Dokar 2004 da abin da ta ɗora wa kowa

Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, amma sai a 2004 shirin ya sami dokar da ta tsaya masa. Wannan doka ce ta mayar da burin sashe na 18 ya zama wajibi a rubuce.

Sashe na 2 nata ya ce kowace gwamnati a Najeriya za ta samar da ilimi kyauta kuma dole ga duk yaron da ya isa shiga firamare da ƙaramar sakandare, wato karatun shekara tara. Ya kuma wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya shiga ya kuma kammala. Uban da ya ƙi, karon farko gargaɗi za a yi masa. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun. Daga nan kuma tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko duka biyun.

Sashe na 3 ya haramta karɓar kuɗi a makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati, ya kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun, ga wanda ya karɓa. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ta lissafa abubuwan da ya kamata a samar kyauta, waɗanda suka haɗa da littattafai da kayan koyarwa da azuzuwa da kujeru da abincin rana. Ta kuma ambaci 'ya'yan makiyaya da almajirai da 'ya'ya mata da masu buƙata ta musamman a cikin waɗanda shirin ya shafa.

Ta fuskar kuɗi, sashe na 11 ya ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun tattara kuɗin shiga na Tarayya domin tallafa wa shirin. Amma kafin jiha ta karɓi rabonta na ayyuka, sai ta ajiye aƙalla rabin kuɗin aikin daga aljihunta. Wannan sharaɗi ne ya sa ake yawan jin UBEC na kokawa cewa biliyoyin naira na jibge saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba. Tallafin kuma na gine-gine ne da kayan aiki da horar da malamai. Ba a biyan albashi da shi.

Tun a sashenta na farko dokar ta bayyana cewa rawar Tarayya taimako ce kawai ga jihohi da ƙananan hukumomi. Ta ambaci kafa hukumar ilimin bai-ɗaya a kowace jiha da hukumar ilimi a kowace ƙaramar hukuma, amma ta bar wa majalisar dokokin kowace jiha ta tsara fasalinsu da ayyukansu. Ma'anar wannan ita ce, mafi yawan amsoshin tambayar wa ke ɗaukar malami, wa ke yi masa canjin wurin aiki, wa ke ladabtar da shi, suna cikin dokokin da ake yi a Lafia da sauran manyan biranen jihohi.

Masu nazarin dokar sun daɗe suna nuna wani giɓi a cikinta. Ta fayyace hukuncin uban da ya hana ɗansa karatu da na malamin da ya karɓi kuɗi, amma ba ta tanadi hukunci ga hukumar da ta kasa samar da aji ko malami ba. Ko tarar da ta tanada ma, darajarta ta zube a cikin shekara 20 da suka wuce. An sha gabatar da ƙudurorin gyara dokar a Majalisar Tarayya, ciki har da masu neman a ƙara kason kashi 2 cikin 100.

Yadda kotuna suka fassara

Duk da shingen sashe na 6(6)(c), kotuna biyu sun buɗe ƙofa. A ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar kan Gwamnatin Tarayya da UBEC, Kotun ECOWAS da ke Abuja ta yanke a 2009 cewa tana da hurumin sauraron ƙarar, sannan a watan Nuwamba na 2010 ta tabbatar cewa ilimi haƙƙi ne da za a iya nema a kotu, bisa Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar dokarta.

A watan Maris na 2017 kuma, Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta shigar. Ya ce tunda Majalisar Tarayya ta yi dokar 2004, alkawarin ilimin firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ya tashi daga buri ya zama haƙƙin da za a iya tilasta wa gwamnatocin Tarayya da na jihohi su cika.

A takarda dai yaron Awe ko na Toto yana da haƙƙi bayyananne. A ƙasa kuwa, Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, yayin da ƙiyasin UNESCO na 2022, wanda ya haɗa da matasa 'yan sakandare, ya kai wajen miliyan 20. Hukuncin kotu ya tabbatar da haƙƙin, amma bai ware jami'i guda da za a riƙe idan an tauye shi ba.

Albashin malami da hukuncin 2024

Babu inda wannan rarrabuwa ta fi yin ciwo kamar a kan albashin malaman firamare, kuma tarihin abin ya cancanci a waiwaye shi.

Bayan shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya cika makarantu da yara, kuɗi ya gaza a farkon shekarun 1980, malamai suka riƙa yin watanni babu albashi. Gwamnatin soja ta kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa a 1988 domin ta daidaita lamarin. A 1991 aka rushe ta aka miƙa makarantun firamare kacokan ga ƙananan hukumomi. Sakamakon bai yi daɗi ba: bashin albashi ya taru, yajin aiki ya yawaita, har aka dawo da hukumar a 1993, aka koma cire albashin malamai tun daga tushe kafin kaso ya isa hannun shugabannin ƙananan hukumomi.

A 2002 Kotun Ƙoli ta fassara tanadin jadawali na huɗu da cewa ƙaramar hukuma mai shiga ce kawai a dama da ita, ainihin nauyin ilimin firamare yana kan gwamnatin jiha. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, tana yawan kafa hujja da wannan hukunci. Amma a aikace, a mafi yawan jihohi an ci gaba da cire albashin daga kason ƙananan hukumomi ta hanyar asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin ya ambata.

Malaman Nasarawa sun ɗanɗana raunin wannan tsari. A shekarun da kason wata-wata ya ragu bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai a 2015 da 2016, ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare a jihar sun sha karɓar albashi kashi-kashi maimakon cikakke. Takwarorinsu na sakandare, waɗanda ke cikin jerin ma'aikatan jiha, ba sa rataye da kason ƙaramar hukuma.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma jihohi ba su da ikon riƙe kuɗin. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Jama'a da dama sun yi maraba da shi. NUT kuwa ta ce ba ta adawa da 'yancin ƙananan hukumomi, amma ta nemi kada a mayar da albashin malaman firamare hannunsu, tana tunatar da abin da ya faru daga 1991 zuwa 1993.

A Lafia, Majalisar Dokokin jihar ta ɗauki matakin gyara dokar ƙananan hukumomi a ƙarshen 2024 domin ta dace da hukuncin. A matakin ƙasa kuwa, aiwatar da biyan kuɗin kai tsaye ya gamu da jinkiri. Tambayar da ta shafi makarantu tana nan: idan kuɗi ya fara shiga asusun kowace ƙaramar hukuma kai tsaye, me zai faru a inda albashin malamai ya cinye mafi yawan kason?

Ƙananan hukumomin Nasarawa ba nauyi ɗaya suke ɗauke da shi ba. Karu, wadda ke maƙwabtaka da Abuja, tana fama da cunkoson jama'a a Mararaba da Masaka da Ado, inda dubban ma'aikatan babban birnin Tarayya ke zaune da iyalansu. Lafia na da yawan makarantu irin na babban birnin jiha. A kudancin jihar, rikicin manoma da makiyaya ya taɓa mayar da wasu makarantu sansanin 'yan gudun hijira. A yankunan da ake haƙar ma'adinai, kafofin labarai sun ba da rahoton yara na barin aji suna bin ramuka. Asusun haɗaka, duk da aibobinsa, yana ba da damar a ɗauko daga mai sauƙin nauyi a cike wa mai nauyi. Duk tsarin da zai maye gurbinsa dole ya amsa wannan buƙata.

Misali na kusa ya zo daga maƙwabta. A Babban Birnin Tarayya, inda ƙananan hukumomi shida ke biyan malaman firamare, malaman sun shiga yajin aiki daga watan Maris zuwa Yuli na 2025 kan rashin aiwatar da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin da suke bi. Yara sun yi fiye da wata uku a gida, sai da Ministan Abuja ya sa baki aka janye yajin.

Sa ido da ɗaukar malamai

Kuɗi ɓangare ɗaya ne na shugabancin makaranta. Ɗaya ɓangaren shi ne wa ke duba yadda ake kashe shi da kuma yadda ake ɗaukar ma'aikata. Sassa na 128 da 129 na kundin sun bai wa majalisar dokokin jiha ikon bincike, kuma Nasarawa ta ga amfanin wannan iko a 2020, lokacin da majalisar ta binciki yadda aka yi da naira biliyan ɗaya da aka ware domin gyara da katange makarantun sakandare.

Tsakanin ƙarshen 2024 da farkon 2025 kuma, batun ɗaukar malaman sakandare ya mamaye zantuka a jihar. Gwamna Abdullahi Sule ya amince a ɗauki malamai 1,000, aka gano cewa waɗanda aka bai wa takardun aiki sun zarce wannan adadi nesa ba kusa ba, lamarin da ya sa ya dakatar da shugabannin Hukumar Kula da Aikin Malamai ya kuma sa aka yi bincike.

A duka lamurran biyu an ɗauki mataki, amma bayan aikin gama ya gama. Ƙa'idojin da za su hana faruwar irin haka suna nan a rubuce. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ta kuma tsara malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Dokar TRCN ta 1993 ta wajabta rajistar malamai. Jihar na da Kwalejin Ilimi ta Akwanga da jami'o'in Keffi da Lafia da ke yaye masu takardun koyarwa kowace shekara. Abin da ke raunana ƙa'idojin shi ne rashin bayyana jerin waɗanda aka ɗauka da makarantun da aka tura su, yadda jama'a za su iya tantancewa da kansu.

Gurbin iyaye da al'umma

Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC, mai ƙunshe da hedimasta da wakilan malamai da iyaye mata da maza da masu sarauta da malaman addini da tsofaffin ɗalibai. Inda kwamitin ke da rai, yakan bi sawun yaran da suka daina zuwa, ya lura da malamin da ke fashi, ya kuma duba aikin ɗan kwangila.

Rauninsa shi ne daga manufa ya samo asali. Dokar 2004 ba ta ambace shi cikin hukumomin da ta kafa ba. Don haka ƙarfinsa ya dogara da halin hedimasta da na mai unguwa. Indiya ta bi wata hanya: ta gyara kundinta a 2002 ta sa ilimin yara masu shekara 6 zuwa 14 cikin manyan haƙƙoƙi, sannan dokarta ta 2009 ta wajabta kwamitin makaranta wanda kashi uku cikin huɗu na mambobinsa iyaye ne, ta ba shi ikon duba yadda ake kashe tallafi da tsara shirin bunƙasa makarantar.

Abin da ya rage a yi

Gyaran sashe na 18 da na dokar 2004 daga Majalisar Tarayya yake farawa, kuma yana iya ɗaukar lokaci. Amma akwai abubuwan da ke hannun majalisun jihohi tun yanzu. Na farko, a rubuta a doka ƙarara wa ke biyan albashin malamin firamare, daga wane asusu, a wace rana, da kuma wanda zai cike giɓi idan kason ƙaramar hukuma ya gaza. Na biyu, a sa kason jiha na tallafin UBEC cikin kuɗaɗen da ake fitarwa kafin komai. Na uku, a bai wa kwamitocin makarantu gindin zama a doka, tare da haƙƙin ganin takardun kwangila da jerin malaman da aka turo musu. Na huɗu, a wajabta wa hukumomin ilimi wallafa rahoton shekara-shekara na kowace ƙaramar hukuma.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kuɗin ƙananan hukumomi ya gama sauya hanya, Nasarawa da sauran jihohi na da damar su fayyace wannan nauyi a rubuce, yadda hedimastan da rufin ajinsa ya yaye zai san ofishin da doka ta ɗora wa gyaran, uban yaro kuma ya san wanda zai tambaya idan damina ta wuce ba a gyara ba.